Sababbin sifikoki a ƙofofin gaba, amma sauti bai gyaru ba

Tambaya: Wani mai karatu ya rubuto cewa yana da Toyota Corolla ƙirar 2006, 'yar Kwatano, kuma shi da kansa ya cire rediyon da ta zo da shi ya sa na Android, sannan ya sauya sifikokin ƙofofin gaba da sababbi masu faɗin inci 6.5, irin waɗanda tuwitarsu, wato ƙaramar sifikar da ke fitar da siririn sauti, take daban, an rubuta wat 300 a jikin kwalinsu. Duk da haka, in ji shi, sautin ba shi da kauri, ƙofa tana karkarwa idan ganga ta buga, muryar mawaƙi kamar daga gwiwarsa ta hagu take fitowa, idan ya ƙara ƙara kuma sai ta riƙa sukar kunne. Yana son ya san ko sifika mafi tsada zai saya, ko kuwa amfilifaya.

Amsa: Malam, ka dakata da sayen komai tukuna. Daga bayanin da ka yi, sifikokin da ke hannunka ba su ma samu damar nuna abin da za su iya ba, domin mafi yawan abin da kake kuka da shi daga ƙofar motar yake da kuma saitin rediyo. Ko da ka sayi masu tsadar da ta ninka waɗannan sau uku, muddin ka ɗaura su yadda ka ɗaura waɗannan, kusan sakamako ɗaya za ka samu.

Abin da ke faruwa a cikin ƙofa shi ne wannan. Takardar sifika tana tura iska ne gaba da baya, kuma duk lokacin da ta matsa iskar da ke gabanta, ta sassauta wadda ke bayanta ke nan. Idan akwai hanyar da iskar gaba za ta zagaya ta haɗu da ta baya, sai ɗaya ta cinye ɗaya. Sautin da wannan ya fi yi wa illa shi ne mai kauri, domin zangonsa dogo ne: a Hz 100, wato girgiza 100 a daƙiƙa, tsawon zango guda ya kai kusan mita 3.4, alhali tazarar da ke tsakanin bayan sifika da gabanta, ta cikin ramukan ƙarfen ƙofa, ba ta wuce kamu ɗaya ko biyu ba. Siririn sauti kuwa zangonsa gajere ne, kuma kai tsaye yake fita, saboda haka shi yake tsira. Wannan shi ya sa kake jin kaifi ba ka jin nauyi. Kana iya tabbatar da haka cikin minti biyu. Ka riƙe sifikar a hannu tana kiɗa a hankali, sannan ka yanke rami daidai girmanta a jikin kwali rufaffe ka kifa ta a kai. Nan take za ka ji gangar da ba ka ji ba ta bayyana. Sifikar da ba ta da mazauni kamar fatar kalangu ce da ba a ɗaura ta a kan icenta ba.

Don haka aikin farko shi ne mazaunin sifikar. A motocin Toyota da yawa masana'anta da ribit, wato ƙusar da ake matsewa wadda ba ta kwancewa, take kama sifikar, kuma sifikar haɗe take da mazauninta na roba, ta yadda idan an huda ribit ɗin an cire ta, sai a tarar da rami wanda bai dace da sabuwar ba. Abin da yawancin masu yi da kansu suke yi shi ne su ɗaure sabuwar da sukuru biyu kai tsaye a jikin ƙarfe, gefe ɗaya ya kama, ɗaya gefen yana lilo, ga kuma kafar da ɗan yatsa zai iya shiga. Abin da ya dace shi ne a yanka zobe na katako mai kaurin milimita 12 zuwa 18, ko a sayi na roba mai tauri wanda aka yi domin wannan mota, a ɗaure shi tam a jikin ƙarfen da noti, a sa siririn soso ko roba tsakanin zoben da ƙarfen, a sake sa wani tsakanin sifikar da zoben, ta yadda iska ba ta da wurin ɓullewa. Idan katako ne, dole a shafe shi da fenti mai mai ko banish ciki da waje, saboda ruwan sama da na wanki yana shiga cikin ƙofa ta bakin gilashi, ya gangara ya fita ta ƙananan ramukan da ke ƙasanta. Katakon da ba a shafe ba damina ɗaya ta ishe shi ya kumbura ya rugurguje. Waɗancan ramukan na ƙasa kuma kada a kuskura a toshe su. Kafin ka ɗaure komai, ka sauke gilashin har ƙasa ka tabbata bai taɓa maganaɗisun sifikar ba. Idan yana gogarsa, ka ƙara kaurin zoben, amma ka lura kada takardar ta riƙa bugun marfin ƙofa idan ta yunƙuro gaba.

Akwai wani ƙaramin abu da ba ya cin kuɗi amma ana jin amfaninsa, wato zoben soso da ake liƙawa kewaye da fuskar sifikar, wanda zai matsu da marfin ƙofa idan an mayar da shi. Idan babu shi, wani kaso na sautin yana ɓacewa ne tsakanin ƙarfe da marfin, ya riƙa girgiza robar maimakon ya fito ta ragar da aka yi masa.

Daga nan sai karkarwar ƙofa. Ƙarfen waje na ƙofar mota siriri ne, kuma idan ka ƙwanƙwasa shi da ɗan yatsa za ka ji yana amo na ɗan lokaci. Wannan amon yana cakuɗuwa da kiɗa, yana kuma shan ƙarfin da sifika take kashewa. Maganinsa shi ne falle-fallen robar butil mai rufin alminiyam, irin su Dynamat da makamantansu, da ake liƙawa a cikin ƙarfen. Ba sai an lulluɓe ko'ina ba. Idan an rufe kashi ɗaya cikin huɗu zuwa rabin filin, an kuma fifita tsakiyar faffaɗan wuraren da ba su da lanƙwasa da daidai bayan sifikar, an samu mafi yawan amfanin. A fara goge ƙarfen da sifirit har maiƙo da ƙura su fita, a liƙa, sannan a danne sosai da abin murzawa ko ƙotar sukudireba har zanen alminiyam ɗin ya kwanta. Wanda aka ɗora kawai ba a danne ba nauyi ne a banza. Ka sake ƙwanƙwasawa: idan amon ya koma gajeren “dum” mara wutsiya, ya isa. Ina ja maka kunne game da falle mai kwalta da ake like rufin kwano da shi, wanda wasu suke sawa saboda arha da kamanni. A zafin bazara, motar da ta wuni a rana ƙarfenta yana yin zafin da kwaltar za ta yi laushi, ta zame ta taru a gindin ƙofa, ta kuma cika motar da wari mai wuyar fita.

Manyan ramukan ƙarfen ciki, waɗanda ledar masana'anta take rufewa, su ne babbar hanyar da iskar baya take zagayowa. Ledar nan aikinta tare danshi ne kawai, ba ta tare sauti. A rufe ramukan da fallen alminiyam ko roba mai tauri, a ɗaure da ƙananan sukurori maimakon gam na dindindin, domin ranar da injin gilashi ya lalace rewaya zai buƙaci shiga, sannan a bi gefunan da butil don danshi kada ya samu hanya. A bar wa sanduna ko igiyoyin makulli sarari su motsa. Wayoyin da ke lilo a naɗe su da tef na ƙyalle, ƙugiyoyin marfin da suka karye a sauya su, domin sau da yawa ƙarar da mutum yake ɗora wa sifika ta ƙugiya ɗaya ce mai rawa a raminta.

Tun da ƙofofin suna buɗe, ka duba haɗin waya. Idan a ƙofa ɗaya an juya fositib da negatib, to lokacin da takardar hagu take turowa gaba ta dama tana ja baya, kaurin sautin ya mutu, muryar kuma ta watse ta rasa wurin tsayawa. Alamarsa ita ce idan ka karkatar da sauti duka gefe ɗaya sai ka ji ganga ta fi nauyi fiye da lokacin da yake tsakiya. Gwajin mai sauƙi ne: ka cire wayoyin daga bayan rediyo, ka taɓa su ɗan taɓawa a ƙaramin batir mai bolt 1.5, fositib a fositib. Takardar ya kamata ta zaburo waje a duka ƙofofin. Da babbar sifika kawai ake wannan gwaji, ba a yi wa tuwita kai tsaye. Mahaɗar wayoyi kuma a yi musu dalma a rufe da kyau. Murɗawa da hannu a naɗe da tef ba ya jure girgizar hanya.

Yanzu sai saitin da ya fi kowanne tasiri, wanda kuma kyauta ne. A cikin saitin rediyo, ko a jikin amfilifaya, akwai matata da ake rubuta wa HPF, wadda take hana sauti mai kauri ƙwarai isa ga sifika. Ka kunna ta ga sifikokin gaba ka ajiye ta a Hz 80. Dalili shi ne, domin a fitar da ƙara iri ɗaya, duk lokacin da aka sauka rabi a ma'aunin Hz sai takardar ta yi tafiyar da ta ninka sau huɗu. Sifika mai inci 6.5 da ake tilasta wa buga Hz 40 tana kai ƙarshen motsinta ne ba tare da ta fitar da abin kirki ba, kuma a daidai wannan lokacin ita ce take ɗauke da muryar mawaƙi, sai muryar ta riƙa rawa tana shaƙewa. Da zarar an sauke mata wannan kaya za ka ji muryar ta washe, kuma za ka iya ƙara ƙara fiye da da. Idan bayan aikin ƙofa ka ji tana da sauran numfashi, kana iya saukowa zuwa Hz 63. Idan har yanzu tana bugun kai, ka hau zuwa 100.

Batun wat 300 kuwa, ka manta da shi. Wannan adadi ne na ƙololuwar abin da sifikar za ta jure na ƙiftawar ido, kuma domin talla ake buga shi da manyan baƙaƙe. Wanda ake aiki da shi shi ne na RMS, wato ƙarfin da za ta iya ɗauka a kai a kai, wanda yake a ƙananan rubutu, kuma ga irin wannan sifika yawanci tsakanin wat 50 ne da 100. Haka ma rediyo: wanda aka rubuta masa wat 50 sau huɗu, abin da yake bayarwa a tsabtace bai cika wuce wat 15 zuwa 20 a kowace hanya ba, saboda da wutar mota ta bolt 12 zuwa 14 yake aiki kai tsaye. Sifikar masana'anta takardarta sakayau ce, an yi ta ne domin ta yi ƙara da ɗan ƙarfi, sabuwar kuma ta fi nauyi, ga akwatin raba sauti, wanda yake raba sautin tsakanin babbar sifika da tuwita, da shi ma yake shan nasa. Bambancin desibel (ma'aunin ƙarar sauti) 3 kacal a ma'aunin saurin amsawar sifika yana nufin sai an ninka ƙarfin wuta kafin a samu ƙara ɗaya. Shi ya sa kake murɗa rediyon har ƙarshe, a can kuma ƙaramin amfilifayan cikinsa ya gaza, ya fara datse kan zangon sautin. Wannan datsewar tana cikin abin da ke sukar kunnenka, kuma tana cikin abubuwan da suka fi ƙona tuwita.

Saboda haka amfilifaya yana da amfani a nan, amma bayan an gama da ƙofa. Mai bayar da wat 60 zuwa 75 na RMS a kowace hanya a kan om 4, wato ma'aunin turjiyar sifika ga wuta, ya wadatar. Abin da ake yawan ɓatawa shi ne maɓallin gen, wanda mutane suke ɗauka na ƙara ƙara ne, alhali aikinsa daidaita amfilifaya ne da ƙarfin siginar da rediyo yake turowa. Ana saita shi da mitar gwajin wuta. Ka ninka wat da om, ka nemi tushen murabba'in abin da ya fito: wat 75 sau om 4 ya ba da 300, tushensa kuma bolt 17.3. Ka cire wayoyin sifika daga amfilifaya, ka kashe matatar na ɗan lokaci, ka mayar da duk saitin sauti sifili, ka kai ƙarar rediyo kashi uku cikin huɗu, ka kunna sautin gwaji na Hz 50 ko 60, domin a nan ne mitoci na gama-gari suka fi karanta daidai. Ka sa mitar a AC a bakin mafitar sifika, ka murɗa gen a hankali har ta nuna 17.3, ka tsaya, sannan ka mayar da matatar kafin ka jona sifikokin. Daga ranar, wancan kashi uku cikin huɗu shi ne iyakarka. Babbar wayar wuta kuma dole ta samu fiyus kusa da batir, kada tazarar ta wuce santimita 45, domin idan ta gogi ƙarfe ta huje babu fiyus, gobara ce. Wayar negatib ta zama gajera, a kankare fenti har ƙarfe ya fito fili kafin a ɗaure ta. Wajen saye ka kankare ƴan silin wayar da wuƙa: idan cikin ya yi fari, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, kuma ba ya ɗaukar wuta kamar jan ƙarfe zalla mai kauri ɗaya.

Muryar da take fitowa daga gwiwarka matsala ce ta wuri da tazara. Siririn sauti shi ne yake taimaka wa kunne ya gane tsayin inda abu yake, saboda haka tuwita tana son ta kasance sama, a ɗan kusurwar da ke bayan madubin gefe, ko a ginshiƙin gilashin gaba, ko a kan dashbod. Kada ka huda komai da farko. Ka liƙa su da tef mai gam fuska biyu, ka yi ƴan kwanaki kana saurare kana juya su. Wuri mai kyau na farawa shi ne kowace ta kalli tsakanin kujerun gaba biyu, wajen fitilar rufi, domin idan ta hagu ta kalli kunnenka kai tsaye, kusancinta zai sa ta danne komai. Wadda ta kalli gilashin gaba kuma takan yi kaifi saboda sautin da gilashin yake maidowa. Idan ka ga tambarin jakar iska a jikin ginshiƙin, ka bar shi, kada ka ɗaura wani abu mai tauri a hanyar da jakar za ta fashe ta fito. A akwatin raba sauti galibi akwai zaɓin rage tuwita, 0 ko -3, wani lokacin har -6. Tun da tuwitar ta fi babbar sifika kusa da kunne, -3 ne ya fi dacewa a yawancin motoci. Akwatin kansa a ajiye shi inda ruwa ba ya kaiwa, ƙarƙashin dashbod ko bayan marfin da ke gefen ƙafa. Yana da kyau kuma ka gwada juya fositib da negatib na tuwitocin biyu tare, ka ji wanne ya fi haɗe murya wuri ɗaya, domin akwatin da bambancin tazara suna iya sa su saɓa da manyan sifikokin a daidai inda suke miƙa wa juna aiki.

Karkatar sautin zuwa hagu kuwa daga yadda kunnen ɗan Adam yake aiki ne. Idan sauti ɗaya ya zo daga wurare biyu, kunne yana danganta shi da wanda ya riga isowa, ko da da ɗan kaso na daƙiƙa ne. Helmut Haas ya yi bincikensa a kan wannan a Jamus a 1949, har ake kiran abin da sunansa. Direba yana zaune kusa da ƙofar hagu, don haka ita take riga. Sauti yana tafiyar kimanin mita 343 a daƙiƙa, wato kusan santimita 34 a kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Ka zauna yadda kake tuƙi, wani ya auna maka da tef daga tsakiyar kanka zuwa kowace sifika. A ce ta hagu santimita 100 ce, ta dama 145: bambancin 45 ne, idan ka raba da 34 ka samu kusan 1.3, kuma wannan shi ne jinkirin da za a sa wa ta hagu a ma'aunin ms, wato kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa. Rediyoyi da yawa tazarar kawai suke tambaya su yi lissafin da kansu. Bayan haka ka rage ƙarar hagu da desibel ɗaya ko biyu. Ka gwada da murya guda wadda ka sani sarai, kamar mai karanta labarai ko ƙira'ar da ka saba ji, babu kiɗa a bayanta. Ya kamata ka ji ta tsaya cak a saman dashbod, wajen tsakiya. Sai dai ka sani gyaran nan na kujerarka ne, wanda ke zaune a dama nasa zai ƙara karkata, don haka idan rediyon yana ajiye saiti biyu, ka yi ɗaya na kai kaɗai, ɗaya na ranar da ka ɗauko iyali. Idan rediyonka ba shi da wannan saiti, maɓallin karkatar da sauti zuwa dama da ɗigo ɗaya ko biyu yana rage matsalar. Sifikokin baya kuma ka rage su har sai ka daina lura da su, domin su ne suke jan muryar zuwa ƙeyarka.

Ikwalaiza, wato saitin ƙara ko rage kowane sashe na sauti daban, ita ce ta ƙarshe, kuma a ganina da ragewa ya kamata a riƙa amfani da ita fiye da ƙarawa. Ka kashe duk wani saitin ƙara bes, da na cika sauti, da na zagaye kunne, ka fara daga sifili. Idan har yanzu akwai suka, ka rage desibel biyu ko uku tsakanin Hz 2,000 da 4,000, inda kunne ya fi saurin ji. Idan muryar ta yi kamar daga cikin ɗaki rufaffe, ka rage kaɗan wajen Hz 200 zuwa 300. Kowane desibel 3 da ka ƙara a wani wuri ninki biyu na ƙarfi kake nema daga amfilifaya a wurin. Ka kuma yi saitin da fayil mai kyau, ta USB in da hali. Waƙar da aka matse aka yi ta turawa daga waya zuwa waya, ko wadda take shiga ta ɗan na'urar da ake sokawa a wurin kunna sigari tana aikawa ta FM, sababbin tuwitocin nan za su fito da aibinta ne fili fiye da yadda tsofaffin suke yi.

Abin da ke ƙasa da Hz 80, wanda muka cire wa ƙofofin, aikin sabwufa ne, wato sifikar da aka yi domin sauti mai kauri kawai, kuma ko ƙarama mai inci 8 da ake sawa ƙarƙashin kujera tana cike gurbin. Idan ka sa ta, ka ajiye matatarta, wadda ake rubuta wa LPF, ita ma a Hz 80, ka ɗaga ƙararta a hankali daga ƙasa. Muddin kana iya nuna inda take da yatsa, ta yi yawa ko matatar ta yi sama. A jikin yawancinsu akwai maɓalli mai 0 da 180. Ka sa wani ya riƙa sauya shi kana zaune a kujerar direba ana buga ganga, ka bar shi a inda bugun ya fi nauyi kuma ya fi kama da daga gaba yake fitowa.